Daddawar Inna a baranda

Har yau idan na ji ana yabon ruwan saman Dubai, raina ɓaci yake yi. Ruwan da ba ya tashi zuwa sai a tsakiyar sanyi, ina abin yabo?

Shekararmu ta farko ce a Deira, wata unguwa a Dubai. Innata ta aiko mini da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ta hannun wata Hajiya mai saro kaya. Da hannunta ta yi daddawar, tun daga dafa kalwa har kirɓi, tsohuwar da ko tsintsiya ba ta iya riƙewa da kyau saboda ciwon gaɓoɓi. Da na kwance ƙullin na ji ƙamshin, zama na yi na yi kuka.

Kayan sun ɗan yi gumi a hanya, sai na shimfiɗa tabarma a baranda na baza su, kamar yadda ake yi a gida. Watan Janairu ne. Ni dai a sanina, sanyi lokacin shanya ne. Ruwa kuwa sai damina. Da safe iska na ratsa ƙashi, da hantsi rana ta buɗe har na cire suwaita. A asibitin da nake aiki wata 'yar Indiya ta nuna mini wayarta, wai za a yi ruwa. Dariya na yi mata.

Bayan azahar gari ya rufe. Kafin la'asar titi ya zama kogi. Na kira maigidana, wanda ke hutu a gida ranar, ya fi sau biyar bai ɗauka ba. Ashe yana da uzuri babba: yana tsaye a ƙofar barandar nan yana ɗaukar bidiyon ruwa, yana bayani kamar ɗan jarida. Mutumin da ya girma a Kano, ya ga damina sama da talatin, wai ruwa ne ya burge shi.

Na dawo na tarar da kuka ta zama miya tun ba a ɗora tukunya ba, daddawa ta narke tana bin rariya.

«Malam, ba ka ga shanya ba?»

«Wallahi ban lura ba. Khalas, shi ke nan, sai a sayi wata a kasuwar Al Sabkha.»

A sayi wata. Kamar ta kasuwa na rasa.

Na yi niyyar ɓoye wa Inna. Sai dai ya riga ya tura bidiyon a gurup ɗin dangi, tabarmata na nan ƙasan hoton tana shan ruwa. Washegari ta kira. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, «Kar ki damu, 'yar nan. In hannun ya yarda, zan sake miki.»

Ni da ita mun san hannun ba zai yarda ba.