Inna Mai Rariya da Kashin Jemage

Kafin masu shara su iso, Inna Mai Rariya ta riga ta durƙusa a gindin ƙandarau, tana kwasar kashin jemage tana tankaɗewa. Aikinta ke nan a gandun renon itatuwa tun da ƙuruciya, har ga shi gwiwa ta ce ta gaji.

Ƙandarau itace ne da sai ka dafe hula kafin ka hango kansa, kuma ba gayu ne ya kai shi can ba. Jemagu ba sa sauka ƙasa-ƙasa, ƙwayarsa kuwa ba ta tsira sai ta bi ta cikinsu ɓawonta ya yi laushi. Shi ya sa gajerun kakanninsa suka mutu ba magaji, dogayen suka yi ta haifar waɗanda suka fi su. Tsofaffin da suka rage a gandun duk sun fara kogo, kuma sai shekarar da suka ga dama suke 'ya'ya. Bana sun yi, ba wanda ya san ko za su sake.

Direban tankar ruwan gandun ya sha ganinta cikin ruwan sama, tana rige-rige da kwata kada ta tafi da irin. Ɗiyarta kan toshe hanci ta ce, "Inna, wai duk duniya ba aiki sai bin kashi?"

"Kashin ne ya kai ki makaranta," in ji ta.

Ranar walimar sallamarta abokan aiki suka so su burge ta. Suka yi sammako suka share gindin itatuwan tas, suka jera kujeru. Ta iso cikin sabbin kaya, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Ina kuka kai shi?"

"Juji mana, Inna," in ji mai gadi. "Yau hutu za ki yi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗauki rariyarta ta nufi juji. Ɗaya bayan ɗaya suka bar kujeru suka bi ta, har shugaban gandun da jawabinsa a aljihu. Irin da aka tsamo ranar, shi ne ya tsiro a rumfar renon gandun yanzu.

Ke ce kika shuka abin da ba za ki ga furensa ba, kin kuma san haka tun farko. Mun gode, Inna. Duk wanda zai gaje ki, ya koyi duba ƙasa kafin ya ɗauki tsintsiya.