Tsohon da ya ga cikin inji a takarda

An kwana biyu da wannan abin, tun shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula. Lokacin yayata, wadda likita ce, tana da ɗan asibitin haihuwa a wajen Ƙofar Marusa, ni kuma nake kula da babban janaretan wurin. Wutar gari ba ta da tabbas, don haka ɗakin tiyata kan injin nan ya dogara.

Ina ji da kaina sosai a lokacin. Nakan jingina sukudireba a jikin inji, in kara kunne a ƙotarsa, in rufe ido kamar mai duba, in ce lafiyarsa lau. Kamfanin da ya sayar mana da shi ya ba mu ƙananan kwalabe. Duk juyen baƙin mai sai in ɗebi kaɗan a aika Kaduna a gwada, bayan mako biyu takarda ta dawo cike da lambobi. Ban taɓa karanta ko ɗaya ba. A durowa nake tura su.

Wata safiya ina zaune a bencin ƙofar ɗakin inji ina fifita da sabuwar takardar, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya zauna kusa da ni yana jiran layin awon hawan jini. Mutumin Filato ne, ya yi shekaru yana gyaran manyan injinan haƙar kuza kafin ya dawo Katsina wajen 'yarsa. Muka gaisa, na tambayi jiki da mutanen gida. Sai ya ce, "Ɗana, ara mini mafificin nan naka."

Ya saka tabarau. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in kawo na baya. Na kwaso guda uku, ɗaya har da dabbaren manja. Ya jera su a benci bisa kwanan wata, ya tambaye ni awa nawa kowane mai ya yi kafin in juye, ko na canza irin man da nake sa wa. Na ce ban canza ba.

"Kashe injin nan."

Na yi dariya. Na ce, "Baba, saurari ƙararsa fa. Kamar agogo."

Ya ce, "Ranar da kunnenka zai ji, an gama. Zo ka gani."

Ya ɗora yatsa kan wani layi. Ya ce wannan dalma ce da ke yawo cikin mai, tana hawa daga takarda zuwa takarda. Mital ɗin kwanrod, wato 'yan faifan da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, hawa uku ne: dalma a sama, jan ƙarfe a ƙarƙashinta, sai baƙin ƙarfe a baya. Ya matsa zuwa layi na gaba. Jan ƙarfe bai motsa ba a takardu uku, a ta huɗu ya yi tsalle.

"Da shi kaɗai ya tashi, sai in ce daga wurin sanyaya mai yake. Amma dalma ta riga shi, shi ya biyo. Fatar sama ta cinye, an kai nama."

Dattijon bai tsaya ba. Ya nuna wani layin ya ce wannan yashi ne, tun takarda ta biyu ya fara shiga. "Me aka fara yi kusa da nan a watan?" Na tuna a watan ne sababbin shugabanni suka fara gyaran titin bayanmu, tifofi na ta juye ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya ce in laluba robar iska, wadda ke kai wa inji iska, zan tarar da tsaga. Baƙin ƙarfe kuma bai tashi ba tukuna, don haka karanshaf yana nan da ransa.

Na tafi wajen yayata. Ta ce, "Mi kake faɗi? Ina da tiyata biyu jibi. Inji na aiki za ka kwance mani shi saboda takarda?" Dattijon ya biyo ni a hankali ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce, "Hajiya, in awon jinin mace ya nuna matsala amma tana yawo tana dariya, sallamarta kike yi?" Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce a aro ƙaramin janareta daga wajen mijinta.

Washegari muka sauke kwanon ƙasan injin ni da wani abokina makanike. Rabin zuciyata na fatan tsohon ya yi kuskure. Muka fara ciro mital ɗin ɗaya bayan ɗaya, na farko lafiya. Na biyu lafiya. Da muka ciro na uku, sai ga shi ja wur kamar sabon kwabo, duk zane-zanen yashi. Na biyar ya fi shi lalacewa. Karanshaf kuwa sumul. Na zura hannu ƙarƙashin robar iska, yatsana ya shige cikin tsagar. Abokina ya ajiye sifana yana ta "Ikon Allah! Ikon Allah!"

Na kai wa dattijon mital ɗin har gida. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Takarda ba ta faɗa mini ko na nawa ba ne, ka ga ita ma da iyakarta." Ya miƙo mini, ya ci gaba da ba kajinsa dawa.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Garin ƙarfen da ido ba ya gani, cikin man da bai cika kofin shayi ba, ya ba da labarin titin bayan gida, da tsagar roba, da abin da ke shirin faruwa ana tsakiyar tiyata. Allah Ya zuba ilimi a wuraren da muke rainawa. Matan nan biyu an yi musu aiki lafiya, sun koma gida da jariransu, ba su taɓa sanin akwai wani tsoho da ya zo awon jini ba.