Akuyar Inna da Na Mayar Dodo

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da 'yan'uwana masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni sakatariya ce a wani biro, wato ofis, a nan Damagaram, matar aure mai 'ya'ya, kuma ina cikin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. In na shiga ɗakin ƙawata na ga labule ya zame, sai na gyara shi kafin mu gaisa. Ni ce babba a ɗakinmu, ni ce na yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi, don haka na saba in yanke magana ƙannena su bi. A ganina wannan hali taimako ne. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda suka san gidanmu a unguwar Birni za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe, kuma tsiyar da na sha a biro ta ishe ni.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Inna ta shiga takaba. Ranar da aka kai shi gidanmu ya cika maƙil, mata har zaure, ga awakin Inna ɗaure a tsakar gida suna ta kuka suna cin gefen tabarmar baƙi. Nan take na kira ƙannena maza na ce a kwance su a sa a mota a kai wa kawunmu a Gaffati, a samu wurin shimfiɗa. Aka yi yadda na ce, har wasu suna yaba mini da iya tsari. Bayan an yi addu'ar bakwai jama'a suka watse, gida ya yi tsit. Kullum na taso daga aiki na biya, sai in tarar da Inna a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, kwanon abincinta a rufe yadda aka kawo shi. In na yi mata magana ta amsa da kalma ɗaya, in na yi shiru ita ma ta yi.

To a wannan lokacin akwai wani wasan waya da ya kama mu a biro kamar zazzaɓi. Da farko ana ba mutum dabbobi uku ƙanana ya zaɓi ɗaya: ɗan zaki, ɗan gaggafa, ko 'yar akuya. Ka ciyar da ita, ka yi mata wanka, kana tara taurari. In taurarin sun taru sai wani maɓalli ruwan ɗorawa ya fito, ka danna dabbar ta ƙara girma da ƙarfi. Duk ƙarshen mako kuma ana haɗa ekip da ekip, wato ƙungiyoyin 'yan wasan, a gwabza, a fitar da na gaba da na baya. Ekip ɗinmu ta biro tana neman mutum ɗaya ta cika, kuma shugaban ekip ɗin wani mai lissafin kuɗi ne, magidanci da furfurarsa, wanda in yana ba da labarin zakinsa sai ka rantse a bayan gidansa yake ɗaure. Na duba na ga ga Inna zaune ba abin yi, ga mu muna neman mutum. Na sa mata wasan a wayarta ina yaba wa kaina.

Tun wurin zaɓe rigimar ta fara. Na ce mata ta ɗauki zakin, kowa ya san shi ne mai ƙarfi, akuyar nan kuwa ado kawai aka yi da ita, ba wanda ke ɗaukarta sai wanda bai san wasan ba. Inna ta miƙa wayar nesa da idonta ta ƙura wa dabbobin ido, ta ce in juya mata akuyar ta ga bayanta. Na juya. Ta ce ƙafafunta a miƙe suke, ƙugunta da faɗi, irin wannan tagwaye take haifa. Na ce Inna, ba a haihuwa a wasan nan. Ta tambaye ni me za ta riƙa ba zaki, kuma wane mai hankali ne ke ɗaure zaki a tsakar gida. Na yi bayani har bakina ya bushe, ina cikin magana ta sa yatsa ta danna akuyar. Da aka nemi suna ta ce in rubuta Kyalla, saboda farin da ke gefen cikinta.

Wallahi ban taɓa ganin wanda ya yi wasa irin na Inna ba. Ita kiwo ta ɗauke shi. Da ta idar da azkar ɗin safe sai ta ba Kyalla abinci, da rana ta ba ta ruwa, bayan la'asar ta yi mata wanka tana yi mata faɗa a kan ƙazanta. In ta shafa kanta, akuyar ta kan lumshe ido ta kwantar da kai, Inna ta yi murmushi. Ran da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, wayar ta kusa mutuwa, sai da ta kira ni ina tsakiyar aiki, wai in zo da sauri Kyalla ba ta ci komai ba. Amma maganar gwabzawa, ta ce sam, ba a tura akuya faɗa, ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Taurari suka yi ta taruwa har ta fi mai lissafin namu, maɓallin nan yana ta ƙyalƙyali a kusurwa. Ta tambaye ni amfaninsa, na ce girma Kyalla za ta yi. Ta ce za ta zauna yadda take? Na ce za ta ɗan sauya kama. Ta ce to a bar mata abarta, girma lokaci gare shi, ba a jawo shi da yatsa.

Na rasa inda zan sa kaina don haushi. Ga dukiya jibge ba a taɓa ba, ga mu kullum a ƙarshen jeri saboda akuya guda da ko kaza ba ta iya kora. A biro na zama abin tsokana. Da na shigo mai lissafin zai miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi lafiyar Hajiya Kyalla da ko ta samu dusa, sauran su kwashe da dariya. Na lallashi Inna, na yi mata wayo, na ce ai ko ɗan mutum ana yaye shi, duk a banza. Gaskiya na lura ta fara cin abinci, har ta kan ba ni labarin abin da Kyalla ta yi da safe tana dariya. Na gani da idona, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taurarin da ke zaune a banza.

Wata Asabar da la'asar ina gidan, saƙon mai lissafin yana ta shigowa, wai yau in ba a yi wani abu ba za a sauke mu zuwa rukunin 'yan koyo. Inna ta tashi alwala ta bar wayar a kan tabarma. Na ce a raina tsoro ne kawai irin na tsofaffi, in ta ga yadda abarta ta yi kyau ita da kanta za ta gode mini. Na ɗauka na danna. Da yake taurarin sun yi yawa, ba mataki ɗaya ta hau ba, wucewa ta yi ta yi. Hayaƙi ya turnuƙe gilashin, akuyar ta yi ta juyawa kamar an sa ta a injin niƙa, da ya washe sai ga wata halitta mai ƙahonin ƙarfe da jajayen idanu, da fukafukai irin na jemage, wuta na fita ta hancinta. Farin gefen cikin ya ɓace. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji, har na ɗauki hoto na tura wa 'yan biro.

Inna ta dawo ta yi sallarta, ta ɗauki wayar don lokacin wanka ya yi. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ina Kyalla. Na ce ai ga ta nan, girma ta yi, yanzu ba wanda zai iya da ita. Ta sa yatsa ta shafa kan kamar yadda ta saba, abin ya daka mata gurnani ya feso wuta. Ta kife wayar a kan tabarma ta ɗauki carbinta. Maimakon in ba ta haƙuri sai raina ya ɓaci, na ce haba Inna, zane ne fa, hoto ne da wasu suka zana a wata ƙasa, ba rai gare shi ba, a kan wannan za a yi fushi? Da zan tafi na yi mata sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Daga nan wahalata ta fara. Na binciki wasan ciki da waje, babu hanyar komawa baya. Na rubuta wa masu shi doguwar wasiƙa da Faransanci ina roƙon su maido da akuyar, amsar da ta zo tana taya ni murnar samun dabba mai daraja, tana kuma tallata mini sulken da zai dace da ita. Kamar in rotsa wayar da ƙasa. Na kai wa masu gyaran waya a kasuwa, suka yi ta miƙa wa juna suna sha'awar dodon, wani har yana tambaya ko na sayarwa ne. Ƙarshe na buɗe sabon wasa a wayata na zaɓi akuya, fari a gefen ciki da komai, na kai mata. Ta duba sau ɗaya ta miƙo mini, ta ce wannan ba ta san ta ba, kuma kada in raina mata hankali. Dodon da na yi don ekip kuwa ko sau ɗaya bai shiga fili ba, tunda mai shi ta daina taɓa wayar. Aka sauke mu, mai lissafin ya cire ni da Inna daga ekip a rana ɗaya ba ko sallama. Wannan bai dame ni ba kamar kwanon abincin da na koma tararwa a rufe.

Sai da takabar ta kusa ƙarewa ta yi mini magana, ina zaune ina tsince mata shinkafa. Ta ce ta san hoto ne, tsufa ta yi ba hauka ba. Ta ce duk zaman da ta yi da Baba bai taɓa kwance mata akuya daga turke ba sai ya tambaye ta. Wata shekara da hatsi ya ƙare a gidan, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsaya ya roƙi ta ba shi ɗaya ya kai kasuwa, ta hana, ya juya ya tafi, washegari ita da kanta ta kwance ta miƙa masa igiyar. Awakin nan jikokin wadda mahaifiyarta ta ba ta ne ranar da aka kawo ta gidan. Ta ce ranar da aka binne shi tana cikin ɗaki tana jin kukansu ana cusa su a mota, ba halin ta fito, kuma ba wanda ya leƙo ya tambaye ta. Ta yi shiru don ta san alheri muke nufi. Da na kawo mata ta cikin gilashin waya, ta ce wa ranta to wannan dai ba mai sa ta a mota. Ashe ita ma zan samo mata hanya. Ta ce sau biyu ke nan, kuma duka biyun ni ce. Ban iya ɗaga kaina daga farantin ba, hawaye na ɗiga a kan shinkafar.

Asabar ta gaba na tafi Gaffati. Babbar akuyar, uwar garken, ta riga ta mutu, kawu ya ce tun da aka kawo ta ba ta saki jiki ba. Na tsaya a gaban sauran, hannuna har ya kai kan wata mai ƙiba, sai na janye na kira Inna a waya na tambaye ta wacce take so. Ta ce ja mai yankakken kunne. Ita ce mafi rama da rashin kunya a cikinsu, amma ita na kwance. A kan cinyata na ɗauko ta a motar haya, ta yi kuka tun daga can har Birni, ta jiƙa mini zane, fasinjoji suna ta yi mini sannu suna danne dariya. Inna ba ta gode mini ba. Ta buɗe bakin akuyar ta duba haƙora, ta shafa haƙarƙarinta, ta ce ƙanenta bai san darajar dusa ba, a kawo mata kanwa da harawa. Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Akuyar kuwa har gobe ba ma shiri, ta cinye mini gefen mayafi, ta ci takardun biro da na ajiye a kan turmi, in na ɗaga mata hannu Inna ta ce in kiyaye ta.

Abin da na koya shi ne, iya tsari ba ya ba mutum iko a kan abin da ba nasa ba. Mu da muka yi karatu muna da saurin yanke wa iyayenmu hukunci, mu kwashe, mu gyara, mu sauya, mu ce don su muke yi, alhali sau da yawa don kanmu ya huta ne. Ina jan kunnen duk wanda ya sa wa tsohonsa irin wannan wasa: in ya zaɓi mafi rauni a bar shi, in ya ƙi ƙara mata girma a bar shi, ba ku san gurbin da take cike masa ba, kuma maɓallin nan ba ya komawa baya. Haka kayan ɗakinsa, haka dabbarsa, haka tsohuwar tabarmarsa. Dodon yana nan a wayar Inna har yau, yana huci ba mai ba shi abinci. Kwanan baya na tambaye ta ko in goge shi. Ta ce a'a, nata ne, ran da ta ga dama za ta faɗa mini. Sannan ta dube ni ta ce, amma dai yau na tambaya.