Tayi na Uku

Duk macen da ta taɓa zama a kujerar Behjat Khanom a titin Westwood ta san abu biyu na jiranta, hawaye da kokawa. Hawayen na zare ne. Behjat na ɗaura bakin zaren a wuyanta, ta murɗa sauran tsakanin yatsu, ta sunkuya kan fuskar mace tana tsige mata gira, bakinta na ba da labarin wanda ya saki matarsa da wanda ya kusa. Kokawar kuwa a bakin ƙofa ake yin ta. Ki buɗe jaka, ta dafe ƙirji, ta karkatar da kai ta ce, "Haba dai, bai kai a biya ba." Ki sake miƙawa, ta ja da baya sai ka ce zaginta kika yi. Sai a na uku take karɓa, tana kau da fuska, ta cusa kuɗin a aljihu ba ta duba ba. Amma wadda duk ta rage mata dala ɗaya, kafin Juma'a labarinta ya zaga gari.

Mutanenmu da suka baro gida suka zauna a Los Angeles duk suna wannan ta'arof ɗin, wato tayi da ƙin karɓa na ladabi, sai dai Behjat ta mai da shi sana'a ta biyu. An taɓa ganinta da wata tsohuwa a ƙofar gidan biki, kowa na cewa ɗayar ta fara shiga, har aka kwashe shinkafa.

A Abadan, can ƙasarmu ta asali, aka haife ta, 'yar wani tela. Ta zo Los Angeles tana da shekara ashirin da biyar tare da mijinta Agha Manucehr, wanda ya ce shi kanar ne a sojan da. Ba wanda ya musa masa, don a unguwar nan kowane namiji mai furfura kanar ne, kuma ba a taɓa cin karo da kurtu ko ɗaya ba. Ya buɗe shagon darduma, ya rataya ƙyalle a ƙofa mai cewa za a rufe shago, komai rabin kuɗi. Ƙyallen ya shekara ashirin da biyu a wurin, sau biyu ana sake shi saboda rana ta cinye rubutun. A ɗakin bayan shagon Behjat ta ajiye kujera da madubi da tukunyar shayi, kuma kowa ya san daga ɗakin bayan ake ci a gidan.

Nan aka kawo mata Termeh Wakiliyan, 'yar shekara goma sha uku, girarta a haɗe daga kunne zuwa kunne, ido ya kumbura da kuka don 'yan makarantarsu a Encino, unguwar da ta taso cikin Amurkawa, sun sa mata suna. Uwar ta ce, "Behjat jun, abar ƙauna, ki rufa mini asiri." Behjat ta raba girar gida biyu, ta goge wa yarinyar hawaye, ta cusa mata ƙwayar sukari a baki. Tun daga ranar Termeh ke kiranta Khale, kamar ƙanwar uwarta, kuma ba ta ƙara bari wani hannu ya taɓa fuskarta ba.

Yarinyar ta girma, ta karanta kasuwanci, Amurkawa suka gajarce sunanta zuwa Teri. Harshenmu tana jinsa, tana kuma yinsa daidai na gaisuwa da neman ƙarin abinci. Wata rana ta shigo da na'urar ɗaukar hoto ta ce tana so ta ɗauki hannun Khale yana aiki. Hannun kawai, ban da fuska. Behjat ta ji haushin wannan, don ta riga ta shafa jan baki, amma ta ce ba komai.

Bidiyon minti biyu ne. Cikin wata guda mutanen da suka kalle shi sun fi mutanen Abadan yawa. Termeh ta ɗauki na biyu da na goma, ta buɗe shafi, ta jawo 'yan mata masu koya wa duniya shafa hoda, masu kayan kwalliya suka fara biyanta don ta ambaci sunansu. Daga nan ta shirya taron shekara-shekara inda 'yan mata dubbai ke sayen tikiti su tsaya a layi tun safe don a sayar musu da jan baki. Alamar kamfanin kuwa, wadda aka buga a jaka da riga da ƙofar ofis, zanen hannu biyu ne riƙe da zare.

Wata ranar Talata, kafin duk wannan ya kankama, Termeh ta zo da takarda daga wurin lauya. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Khale jun, da hannunki na fara. Ina so in ba ki kashi biyar cikin ɗari na kamfanin. Sa hannu kawai za ki yi a nan."

Daɗi ya kama Behjat. Ta riga ta ga kanta a gida mai lambu, ta ga fuskar matar wani likitan haƙori da ke mata kallon 'yar aiki. Ta dafe ƙirji, ta karkatar da kai.

"Haba 'yata, me na yi? Zare ne fa. Bai kai ba."

"Kin tabbata, Khale?"

Behjat ta ƙirga a ranta, biyu ke nan. Ta ja da baya, ta ɗaga hannu biyu. "Kada ki ba ni kunya. Ki ci gaba kawai, shi ne ladana."

Ta gyara tsayuwa, ta goge yatsunta a riga don kada ta ɓata takardar, idonta na kan alƙalamin. Sai ta ga idon Termeh ya cicciko. Yarinyar ta rungume ta ta ce ba ta taɓa ganin mutum mai zuciya irin tata ba. Ta ninke takardar, ta saka a jaka, ta fita tana share hanci.

Behjat ta bi ƙofar da kallo har shayi ya huce. Da ta gaya wa mijinta, ya ce, "Ke ma dai. 'Yar Encino ce, su sau biyu ma sun yi ƙoƙari." Ta ce yarinya ce mai tarbiyya, za ta dawo da takardar.

Shekara goma sha ɗaya tana jiran na ukun. Duk bayan mako uku Termeh na zuwa a gyara mata gira, kuma duk zuwan Behjat na satar kallon jakarta. Jakar ta canza sau da yawa, kowace ta fi ta baya tsada. Aka sayar da kamfanin ga wasu masu kuɗin New York, jaridar unguwa ta buga adadin, Agha Manucehr ya ɗauko fensir zai fitar mata da kashi biyar ɗinsa, ta ce idan ya kuskura zai kwana kan dardumarsa. Ita kuwa Termeh ta koma mai zuba jari. Yara masu sabon man shafawa ko sabon gazal na zuwa ofishinta da gumi a goshi, ta ba su minti goma, ta zaɓi ɗaya cikin ɗari. Ta auri ɗan wani babban gida daga Shiraz, surukarta ta sa ta gaba da koyon yadda ake zama da mutane.

Tambaya kuwa ba ta cikin tsarin Behjat. Ta gwammace ta mutu da ta buɗe baki ta ce, takardar nan fa? Abin na cinta, ta rame, amma kullum da fara'a take zuba wa yarinyar shayi.

Sai ga katin gayyata mai ruwan zinare. Termeh za ta ƙaddamar da sabon asusun tallafa wa mata masu ƙananan sana'o'i, za a yi liyafar rana a wani otal a Beverly Hills, kuma Khale ce babbar baƙuwa. Behjat ta san lokaci ya yi. Mako biyu tana tsayawa gaban madubi bayan ta rufe shago, hannu a ƙasa, kai a miƙe, tana cewa, "Na karɓa. Na gode, na karɓa." Da farko kalmar na maƙale mata. Ta sa mijinta ya riƙa yi mata tayin abubuwa, gyaɗa, kujera, rabin lemo, tana karɓa tun a na farko, har ya fara jin tsoronta.

Ranar liyafa mutum ɗari huɗu suka cika zauren, rabinsu girarsu aikin hannunta ne. Matar likitan haƙori na tebur na biyu. Termeh ta hau dandamali ta ba da labarin ranar Talatar nan, yadda ta miƙa wa wata baiwar Allah arziki a takarda ta ƙi karɓa. Ashe ta shekara goma tana ba da labarin a tarurruka, har da wurin da take dakatawa ta haɗiye kuka. Ta ce daga wannan mata ta koyi cewa akwai abin da ya fi kuɗi. Masu kuɗi suka yi ta tafi.

Aka hau da Behjat. Termeh ta juyo gare ta da makirfo ta ce, "Khale jun, yau a gaban kowa nake faɗa. Duk abin da nake da shi naki ne. Ki faɗi abin da kike so, kome ne."

Behjat ta buɗe baki, kalmar na kan harshenta. Sai ta lura da yarinyar da kyau. Hannun a dafe da ƙirji. Kan a karkace, daidai yadda ita take karkatar da nata a bakin ƙofa. Babu takarda, babu alƙalami, jakar ma an bar ta a kan tebur. Surukar na zaune a gaba tana gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Yarinyar ta koyi ta'arof, ta kuma iya shi sarai. Kowane ɗan ƙasarmu a zauren ya san wannan tayi ne na baki, kuma matar da ta ce ta karɓa, jikokinta ma sai sun ji labari.

Hannun Behjat ya tashi da kansa ya dafe ƙirji. "Bai kai ba, 'yata," ta ce. "Ganinki haka ya ishe ni."

Zauren ya miƙe tsaye. Aka ba ta furanni da wani gilashi mai nauyi da aka zana hannunta a ciki. A mota Agha Manucehr ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskarta, ya kunna rediyo.

Ranar Litinin da hantsi Termeh ta shigo da sauri, waya a kunne. Wata babbar mujalla za ta ɗauki hotonta da azahar don bangon gaba. Ta kwanta a kujera ta rufe ido ta ce, "Kamar kullum, Khale."

Behjat ta ɗaura zare a wuya. Ta gyara girar dama tsaf, yadda ta saba shekara ashirin da huɗu. Ta koma ta hagu. Ta tsaya ta auna ta da ido daga farko zuwa wutsiya, ba gaggawa, ta raba ta gida ashirin a ranta. Ta ɗora zaren a tsakiya, inda girar ta fi cika, ta ja sau ɗaya. Ba ta ɗauki fiye da kashi biyar cikin ɗari ba, ita ba azzaluma ba ce.

Ta miƙa mata madubi. Termeh ta kalli ɗan farin gibin da ke tsakiyar girarta, ta daɗe tana kallo. Da 'yar Encino ce ta da, da shagon bai ɗauke su ba. Amma yanzu ta san yadda ake yi da manya.

"Sannu da aiki, Khale," ta ce a hankali. "Ya yi kyau."

"Kin tabbata?"

"Ya yi kyau sosai."

Behjat ta warware zaren daga wuyanta, ta naɗe shi a yatsa. Ita ba ta tsayawa a biyu.

"Duba da kyau, 'yata. Ya yi miki?"

Termeh ta dafe ƙirji, ta karkatar da kai, ta ce ya yi.