Yunana da Injinsa

Yunana kafinta maƙwabcina ne a unguwar Jama'a. In ya ɗaga hannu ya gaishe ka, sai ka ga kamar an rage maka gaisuwar, don rabin manuninsa na dama ya tafi cikin dusar katako tun yana koyon sana'a. Bayan tuwon dawa, ba abin da yake so kamar injinsa na yanka katako, irin na riƙewa a hannu, mai faifai da haƙora. Yana goge shi fiye da yadda yake goge fuskarsa.

Matarsa Dorkas tela ce, kuma ta tsani injin nan. Ta kafa doka: ranar da ya sake dawowa gida da rauni, 'yan gwangwan ne za su gaji injin.

To, guntun yatsan ba ya kai wa makunni, sai Yunana ya ɗaure makunnin da robar tayar keke. Injin kullum a kunne, ba ya mutuwa sai an zare waya daga bango. Na ce, "Malam Yunana, wannan ai kare ne ba sarƙa."

Ya ce, "Karen ya san mai gidansa."

Wata rana Madam Lovelyn, mai gidan abinci a Sabon Gari, ta kira shi ya lulluɓe mata bangon waje da katako, don damina ta cinye filasta. Ni ma ina wurin, amma ciki ne ya kai ni. Yana tsaka da yanka aka ɗauke wuta. Ya kwantar da injin a ƙarshen benci, ya zauna a ɗaya ƙarshen, Madam ta kawo masa teba da miyar agushi. Bai zare waya ba. A garin nan in wuta ta tafi da hantsi, wa yake jiran ta kafin magariba?

Loma ta biyu tana hanya sai layi ya ɗauki ihu, an kawo wuta! Injin ya farka, ya biyo benci a guje. Yunana ya daka tsalle da faranti a hannu. Injin ya yi gaba da bayan wandonsa, ya faɗo ƙasa, ya datse wayar kansa, ya yi shiru.

Madam ta dafe ƙirji. "Yesu! Kafinta, ka mutu?"

"Ban mutu ba, Madam. Amma kada ki zagayo ta baya."

Da zanenta ya hau acaba.

A gida Dorkas ta juya shi gaba da baya kamar yadi a kasuwa. Ko ƙwarzane babu.

"Uwargida, doka ta ce rauni," in ji shi.

"Wa ya ɗinka wandon?"

"Ke."

"To ni aka yi wa raunin."

Sai da na sa baki, fasto ma ya sa, kafin ta yarda injin ya zauna. Amma ita da kanta ta tsinke robar da almakashi, ta tasa shi gaba har wurin mai gyara, aka sa makunnin da babban yatsa zai danna.

Yanzu in an ɗauke wuta, Yunana ba ya barin komai a jone. An ce ran Lahadi ana cikin wa'azi wuta ta tafi, ya miƙe daga layin dattawa, ya je ya zare wayar lasifikar coci.