Muryar Hammadu Tana Cikin Durowa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Hammadu, mai gyaran kwamfuta a unguwar Turaki da ke Jalingo. Hatsarin mota ne a hanyar Sunkani, da rana tsaka, ya tafi duba kwamfutocin wata makaranta bai dawo ba. Ya bar ni da 'yarmu Ummi tana da shekara biyu. Yau shekarunta tara, kuma ba ta san muryar ubanta ba. Na daɗe ina cewa ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, amma da hannuna ta biyo. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa a fili ba sai yau.

Hammadu yana gyara komai, amma an fi saninsa da ceto abin da ke cikin faifan ajiyar kwamfuta idan ya mutu. Ɗalibi zai zo ido jawur, aikinsa na kammala karatu ya maƙale a ciki. Mai ɗaukar hoto zai zo yana gumi, hotunan bikin mutane sun tafi. Hammadu ya kara faifan a kunne kamar likita, ya juya shi, ya shinshina koren allon da ke manne a bayansa. In ya ji ƙauri sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, allo ne ya ƙone. Kayanka suna nan." Daga nan ya nemo allo irinsa sak, ya zauna da gilashin ƙara girma da matsefata da ƙarfen narka dalma, ko numfashi mai ƙarfi ba ya yi har ya gama.

Ni malamar firamare ce, kuma ba na shiri da tarkace. Shi kuwa ko ƙusa ba ya zubarwa. Shagonsa cike yake da ƙonannun alluna, kowanne da farin salatif an rubuta sunan mai shi. Nakan ce masa bola na aura, ba mutum ba. Shi kuma ya ce, "Malama, ki share duniya duka, amma ki bar min teburina." Sau nawa ya so ya bayyana min dalili, ni kuwa ina gyara ɗaurin goyo ina cewa na ji, na ji. Ban ji komai ba.

Akwai faifai ɗaya da yake namu. Duk lokacin da wayarsa ta cika, a ciki yake juye komai: ranar sunan Ummi, ranar da ta fara tafiya, da wani bidiyo da na fi so, yana jijjiga ta a kafaɗa yana rera mata waƙar Fulatanci da mahaifiyarsa ta rene shi da ita, muryarsa kamar ta tsohon ɗan maraƙi, ni ina bayan waya ina dariya. Mutumin da kullum yake yi wa mutane wa'azin su ajiye abu a wuri biyu, nasa a wuri ɗaya ya ajiye. Mako biyu kafin rasuwarsa wuta ta dawo da ƙarfi, allon faifan ya ƙone. Ya kwance allon ya bar shi a kan teburin shago, ya aika a nemo masa irinsa daga Legas. Faifan kuwa ya kawo shi gida ya sa a durowar gado, ya ce shago akwai zafi. Wayarsa tare da shi ta tafi a hatsarin.

Da na fita takaba, mai shagon ya aiko cewa yana son wurinsa. Na je da tsintsiya da buhu. Ina kuka ina shara, kuma gaskiya sharar ce ta riƙe ni, don ita kaɗai na iya. Kwamfutocin mutane na mayar musu. Kayan aikinsa na adana. Ƙonannun allunan nan kuwa, na kwali da na kan tebur, na haɗa su a buhu ɗaya na miƙa wa masu tara tsofaffin ƙarafa da suka zo wucewa da kura. Har wani sanyi na ji a raina da na ga teburin fes.

Bayan kwana takwas Danladi ya yi sallama a ƙofar gida. Danladi abokin Hammadu ne, ɗan ƙabilar Mumuye, mai gyaran talabijin a shagon da ke jikin nasa. Tare suke cin abincin rana shekara da shekaru, in Hammadu ya tafi masallaci shi ke tsare masa shago, ranar Lahadi kuma in ya tafi coci Hammadu ya rama. Yana riƙe da ƙaramin ƙunshi, sabon allon nan ne daga Legas, wanda shi yake kira fanel. Ya ce, "Maman Ummi, fanel ɗin Hammadu ya zo tun tuni, na ajiye sai kin fita. Kawo faifan da tsohon fanel, ni zan gama masa aikin."

Na ce tsohon ai ya ƙone, na zubar.

Danladi ya zauna a kan dakali ba tare da na ce ya zauna ba. Sannan ya bayyana min abin da Hammadu ya yi shekaru yana so in saurara. A jikin kowane allo akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai kai ƙwayar wake ba. A cikinsa aka rubuta yadda wannan faifan, shi kaɗai, yake karanta abin da ke cikinsa. Ko allo ya ƙone, sau da yawa shi yana nan lafiya. Aikin duka shi ne a ciro shi daga tsohon allo a dasa a sabo. In babu shi, sabon allo bai san faifan ba. Ya ce, "Shi ya sa ba ya zubarwa, Maman Ummi. Shi ya sa yana rubuta suna."

Mun bi masu ƙarafan har inda suke tara kaya a bayan gari. Kwana uku ina tona tsibin tarkace da hannuna, ni da ba na iya ganin ɓawon gyaɗa a tsakar gida. Suka ce mota ta riga ta kwashe na wancan makon.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Hammadu zai ce da ya ga Jalingon yau. Shagonsa ya koma na sayar da kayan sola, kuma na san da sai ya tsaya ya yi musu gardama a kan waya da batir. Yanzu kowa hotunansa suna hawa intanet da kansu, waya ta faɗa ruwa a sayi wata, komai ya dawo. Ina jin zai yi murna, sannan ya yi ƙorafin an kashe masa kasuwa. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni. A zamanmu bai taɓa ɗaga min murya ba, kuma wannan ya fi ci min rai, don da faɗa zai yi da na samu sauƙi.

Har yau mutane suna tare ni a kasuwa. Wata mata daga unguwar Sarkin Dawaki ta riƙe hannuna ta ce hoton ɗanta marigayi guda ɗaya tak da take da shi, mijina ne ya ciro mata daga mataccen faifai. Ina yi musu godiya, ina kuma jin kishi, Allah Ya yafe min. Ya mayar wa rabin gari da mutanensu, 'yarsa kuwa sai hotuna uku na takarda. Na gwada rera mata waƙar, amma Fulatancina bai kai ba, kakarta kuma ta bi ɗanta bayan shekara guda.

Danladi ya daɗe da gaya min akwai masu manyan na'urori a Legas da kan iya gwada faifai ko babu wannan ɗan abin. Ya ce wani lokaci a dace, wani lokaci faifan ya ƙarasa lalacewa a hannunsu. Shekara shida ina cewa sai an kwana biyu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muddin yana cikin durowa, muryar Hammadu tana nan. In aka gwada aka kasa, zan sake binne shi.

Makon jiya Ummi tana neman allura ta buɗe durowar. Ta fito da faifan a nannaɗe cikin hularsa, ta juya shi, ta ce, "Mama, wannan nawa ne?" Na ce wa ya gaya miki. Ta nuna min farin salatif da ke gefensa, wanda ya soma yin rawaya. Shekara bakwai ina kallon rubutun nan a matsayin rubutun hannunsa kawai, ban taɓa tsayawa na auna abin da yake nufi ba. Kowane faifai sunan mai shi yake sa wa, kuma a wannan bai sa nasa ba, bai sa nawa ba. Ummi ya rubuta.

Ban da ikon ci gaba da ɓoye kayan da ba nawa ba. Jiya da safe muka je shagon Danladi, ita ce ta miƙa masa da hannu biyu. Ya naɗe shi a soso, ya haɗa da sabon allon da ya ajiye duk shekarun nan. Allah Ya jiƙan Hammadu, Ya sa ya huta. Hular kawai muka dawo da ita gida, kuma Ummi ta ce a bar ta a durowar har a ji daga Legas.