Faifai Ba Riga

A ƙarshen shekarar korona, kamfanin da nake yi wa aikin ɗaukar murya a Dubai ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda abin ya shafa. Aka soke bizata, aka ba ni wa'adin barin ƙasa. Tufafi da tukwane ba su dame ni ba. Abin da ya hana ni zama wuri guda shi ne faya-fayen garmaho na kiɗan jaz, cikin kwali biyu, a ƙarƙashin gadona a unguwar Al Nahda.

A ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyon da na yi aiki a Kaduna na fara jin wannan kiɗa. A Dubai kuwa ɗaya ɗaya na riƙa tsintarsu, galibi daga hannun masu barin gari, domin faifai kaya ne mai nauyi. Duk na tsakiyar ƙarnin da ya wuce ne, yawanci baƙaƙen fatar Amurka ne suka busa suka kaɗa. Akwai mai ƙaho da ke toshe bakin ƙahonsa har sautin ya fito siriri, kuma shirunsa ya fi busarsa yawa. Akwai mai busa saksofon da in ya kama hanya ba ya waiwaye. Akwai mai fiyano da ke dukan maɓalli kamar ya yi kuskure, sai ya maimaita, ka gane da gangan ne. Da yake gidan da nake haya na haɗaka ne, da abin kunne nake saurare, ina kai da komo tsakanin gado da taga iya tsawon igiyarsa.

Bayan sautin, rigar faifan ce ta fi jan hankalina, wato kwalin da ake zura shi a ciki. A gida mun san mawaƙi, amma makaɗansa da 'yan amshinsa sai wanda ya ga dama ya ambata. Waɗannan kuwa a bayan riga an rubuta kowa, mai ganga da mai bes, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin sauti, har da ranar da suka shiga ɗakin ɗauka. A tsakiyar faifan, yawanci sunan jagora kaɗai ake bugawa. Mu kuma a rediyo an hore mu kada mu sa kiɗa a iska ba mu faɗi masu shi ba.

Na kai kwalayen wurin wani Alhaji, Bakano mai harkar kago a Al Muraqqabat, wanda ke loda wa 'yan kasuwa kwantena zuwa gida. Na yi masa bayani dalla dalla: a tsaye za a jera su, kada a ɗora musu nauyi, kada su kwana a rana. Abu guda ne ban faɗa ba, don bai zo mini a rai ba.

Washegari da azahar na koma da sauran kayana. Alhaji ya tarbe ni da fara'a.

"Malam na rediyo, yi mini godiya. Kwalinka biyu sun koma ɗaya."

"Ta yaya, Alhaji?"

"Mun tuɓe wa faya-fayen riguna mana. Mun bar su da 'yar takardarsu ta ciki, mun jera su a tsaye tsakanin dardumai, ko jariri ba zai ji ciwo ba. Tun da safe mota ta tafi da su, khalas, shi ke nan."

Na san al'adar, shi ya sa ban tsaya musu ba. Masu kago ba sa loda kwali. Takalmi a fitar da shi daga kwalinsa, agogo haka, tukunyar lantarki haka, domin a kwantena wuri ake saya, kwali kuwa iska ce a wurinsu.

"Ina rigunan?"

"Shara ka ke tambaya? Masu kwali sun kwashe." Ya dube ni. "Haba Malam, hotunan wasu ƙarti suna zufa? In sunayensu ka ke so, ai duk suna cikin waya."

Gaskiya ya faɗa, suna cikin waya. Amma na riga na fita.

A lungunan Deira, yankin da shagon Alhaji yake, akwai masu tara kwali a amalanke, su ɗaure shi dami dami, babbar mota ta zo da yamma ta kwashe. Ban san wanda ya zo shagon Alhaji ba. Na bi layin masu canji, na leƙa bayan shagunan wayoyi, na tsayar da masu amalanke ina zana musu murabba'i a iska da hannu. Ɗaya ya nuna mini gabas, wani ya nuna yamma. Takunkumin da ke fuskata ya jiƙe sharaf. Da na waiwaya sai na ga Alhaji a bayana yana haki, ya naɗe hannun riga.

"Ba za a ce baƙo ya haukace a kan kayana ba," in ji shi. "Yalla, mu je ta nan. Na san inda suke tarawa."

Wani fili ne a bayan wurin ajiye motoci, dammunan kwali a jere sun fi tsawona. Mai wurin, ɗan Pakistan, ya ce mu duba amma duk abin da muka kwance mu ɗaure. Muka fara. Kwalin talabijin, kwalin dabino, kwalin takalmi ba iyaka. Aka kira la'asar muna kai. Can a cikin wani dami na hango gefen wata shuɗiyar riga da na sani, na zaro: hoton mai ƙaho ne, igiya ta ratsa goshinsa. Sauran na biye da shi, wasu a lanƙwashe, wasu da sawun takalmi.

Alhaji ya ɗauki ɗaya ya juya bayanta yana karantawa da yatsa.

"Kai, wannan mai gangar ai sunan Musulmi ne da shi."

"Wasunsu sun musulunta a wancan zamanin."

"Ikon Allah. Ka ce ɗan'uwa na jefa a shara." Ya goge rigar a ƙirjinsa ya miƙo mini. "To, Allah Ya shirye shi da kiɗan."

Ba mu same su duka ba. Babbar motar ta iso muna cikin ɗaure abin da muka kwance, kuma ban san damin da sauran suke ba. Na tambayi Alhaji ko za a iya mayar da faya-fayen cikin rigunansu. Ya ce kayana na can ƙuryar kwantena, an riga an rufe.

Haka na bar rabin tufafina a Al Nahda, na cika akwati da riguna marasa faifai. Ma'aikacin da ya buɗe akwatin a filin jirgin Kano ya leƙa cikin ɗaya, ya leƙa cikin wata, sannan ya rufe.

Bayan watanni kwantena ta iso. Faya-fayen sun zo lafiya, sai ƙamshin sabuwar darduma. Na zauna a ƙasa na zura kowane a rigarsa. Waɗanda suka rasa tasu na yanka musu farin kwali, na nemo sunayen a waya, na rubuta mai ganga da mai bes da kowa a baya, sannan na sa na farko a garmaho.